Sai Miya Ta Ƙare: Abinci da Hali a Fina-finan Zane na Japan

Duk wanda ya juri kallon fina-finan zanen nan na ƙasar Japan, waɗanda mutanen can suke kira anime, ba zai daɗe ba zai lura da cewa mutanen da ke cikinsu ba su rabuwa da ci. Jarumi zai gama karawa da dodo, jiki duk rauni, amma abin da zai fara tambaya shi ne ina abinci. Yarinya za ta ɓace a garin aljanu, sai a tsayar da labari cak, a bar mu muna kallonta tana cin curin shinkafa. Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai suna ɗaukar wannan a matsayin raha kurum, ko kuwa dabarar tayar wa mai kallo da kwaɗayi. Ni kuwa ina ganin abin ya wuce nan.

Dalilina na farko shi ne yadda ake yin fim ɗin kansa. In 'yan wasa ne na jini da tsoka, ana iya samun kwano a gefen tebur wanda ba wanda ya nufe shi da kome, an tarar da shi ne a wurin. A fim ɗin zane kuwa ba abin da ake tararwa, sai abin da aka zana. Daƙiƙa guda ta fim tana ɗauke da hoto 24, kuma ko da yake masu zanen Japan sukan taƙaita su yi zane 8 ko 12 a daƙiƙa, duk da haka loma guda, daga kwano zuwa baki zuwa haɗiya, tana iya cin zane talatin. Sai an zana tururi, an zana maiƙon romo, an zana yadda kumatu ke motsi. Mutum ba ya shan wannan wahala a kan abin da ba shi da manufa a kansa.

To, mece ce manufar? A darasin adabi an koya mana cewa marubuci yana fito da halin tauraronsa ta maganarsa, da aikinsa, da abin da wasu ke faɗa a kansa. Mutanen Japan sun ƙara da hanya ta huɗu, watau cinsa. Sai dai a nan ne nake rabuwa da abokan kallona, domin su in an ce abinci da hali, abin da suke kawowa shi ne wane ga abin da ya fi so. Naruto da ramen, watau taliyar nan mai romo. Luffy na One Piece da nama. L, mai farautar masu laifi a Death Note, da kayan zaƙi, ba ka ganinsa sai a tsugune kan kujera yana jera ƙwayoyin sukari. Doraemon da dorayaki, wata waina mai wake da sukari a tsakiya. Akira Toriyama ma, wanda ya ƙago Dragon Ball a 1984, har sunayen mutanensa daga madafa ya ɗebo su: ɗan Goku sunansa Gohan, kalmar da ke nufin dafaffiyar shinkafa, kuma take nufin abinci gaba ɗaya, shi Goku kansa sunansa na asali Kakarot, daga karas.

Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina tambari ne kurum, irin wanda ake buga wa buhu don a gane mai shi. Yana taimakon yaro ya riƙe tauraro a ka, yana kuma taimakon 'yan kasuwa su sayar da kaya. In an ce mini wane yana son taliya, me na sani game da shi? Ban san ko mai rowa ne ko mai kyauta ba, ban san ko zai tsaya mini ranar wuya ba. Abin da ke tona hali shi ne yadda mutum ya ci, da wanda ya ci da shi, da kuma abin da hannunsa ya yi sa'ad da ya ga wani da yunwa a gabansa.

Ɗauki shi Naruto ɗin. Masashi Kishimoto ya fara zana labarinsa a 1999, aka mai da shi fim na talabijin a 2002. Maraya ne, kuma mutanen garinsu suna ƙyamarsa saboda dodon da aka ɗaure a cikinsa tun yana jariri. A ɗakinsa shi kaɗai yake ci, har madarar da ta lalace yakan sha don ba mai ce masa ta lalace. Amma akwai wata 'yar rumfa, Ichiraku, inda mai ita ba ya korarsa, kuma can ne malaminsa Iruka ya kai shi ya saya masa kwano tun a kashin farko. Ashe ba romon ne kaɗai yake ja ba. Wurin ne kaɗai a garin da ake ajiye masa kujera. Ba da daɗewa ba sai ga jarrabawar da Kakashi ya yi wa ɗalibansa uku. Ya hana su karin kumallo, ya ɗaure Naruto a jikin gungume, ya ba sauran biyun abincin rana, ya ce duk wanda ya sammasa ya faɗi. Sasuke, yaron da ba ya dariya, ba ya kuma ɓoye raininsa ga Naruto, shi ne ya fara miƙa kwanonsa. Da wannan suka ci jarrabawar. Kishimoto bai sa wani ya tsaya ya gaya mana cewa Sasuke yana da sauran tausayi ba, kwanon ya wadatar.

Wanda ya fi kowa iya wannan aiki a ganina shi ne Hayao Miyazaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan zane na Ghibli a 1985. Fim ɗinsa na 2001, Sen to Chihiro no Kamikakushi, wanda aka fi sani da Spirited Away, ana iya bin labarinsa tun daga fari har ƙarshe ta hanyar ci kaɗai. Chihiro 'yar shekara goma ce. Suna kan hanyar komawa sabon gari da iyayenta sai suka yi ɓatan kai, suka faɗa wani wuri shiru mai rumfunan abinci jere, ga dahuwa tana tururi, ba mai sayarwa. Uban ya ce ai irin wuraren shaƙatawar nan ne da aka yi ta ginawa, suka durƙushe da tattalin arzikin ƙasar ya karye a farkon shekarun 1990. Ya yi sallama ba a amsa ba, sai ya zauna ya fara loda faranti. Yarinya ta ce su tashi kada masu wurin su yi fushi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da kuɗi yana da katin banki. Mai karatu ya lura, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, niyyarsa ya biya. Cutarsa ita ce ya ɗauka duk abin da ke duniya na sayarwa ne, kuma mai kuɗi ba ya bukatar izini. Mutanen Japan kuwa suna da kalmar da suke faɗa kafin su sa hannu a abinci, itadakimasu, wadda ke nuna mutum ya karɓa da ƙanƙan da kai. Cin iyayen Chihiro ba shi da ko ƙamshin wannan ladabi. Kafin dare ya yi sun zama aladu, kuma Miyazaki ya zana abin ta yadda ba ka iya cewa ga lomar da aka rikiɗa a kanta, don tun suna mutane cin nasu ya riga ya koma na dabba.

Chihiro ta ƙi ci a rumfa, amma ta ci sau biyu daga hannun Haku, yaron da ya taimake ta. Na farko ɗan abu ne kamar ƙwaya, don wanda bai ci abincin wannan duniyar ba zai narke ya ɓace. Na biyu shi ne wanda kowa ke tunawa. Ta yi kwana a gidan wankan aljanu, an ƙwace mata suna, ta je ta ga iyayenta a garken aladu, duk ba ta bari an ga karayarta ba. Haku ya zaunar da ita a lambu ya miƙo mata curin shinkafa, abin da suke kira onigiri, farar shinkafa da ake dunƙulawa da tafin hannu. Ta ce ba ta jin yunwa. Ta gutsura sau ɗaya, sau biyu, sai hawaye manya-manya suka ɓalle, tana ci tana kuka. Duk wanda ya taɓa yin baƙunci a inda bai san kowa ba, ya daure wa tsawa da harara, sa'an nan wani ya tura masa kwano ya ce bisimilla, ya san irin kukan nan. Wuya ba ta kawo shi, alheri ke kawo shi.

Sai kuma Kaonashi, watau Marar Fuska, wani baƙin inuwa mai farin rufin fuska wanda ba shi da murya tasa. Chihiro ta bar masa ƙofa a buɗe don ana ruwa, shi ke nan ya liƙe mata. Da ya shiga gidan wanka ya ga ma'aikatan wurin zinariya suke bauta wa, sai ya fara fitar da ita daga tafinsa, su kuma suka yi ta jido masa akussa. Yana ci yana kumbura, har ya haɗiye ma'aikata uku, ya ari muryar ɗaya. Ya tara zinariya ya miƙa wa Chihiro, ta ce ba ta so. A nan ya haukace, don bai san wata hanyar neman mutum ba sai saye da haɗiya. Ta ba shi ragowar wani curin magani mai ɗaci, ya amayar da duk abin da ya ci. Daga baya muka gan shi a ƙauye, gidan tsohuwa Zeniba, zaune a tebur da mutane, yana shan shayi, yana yankar ɗan kek a hankali. Cikin nan ne dai, bakin nan ne, wurin zama ne ya sake. Ina jin nan Miyazaki ya ɗan yi wa karin maganarmu gardama, mu da muke cewa hali zanen dutse, don shi yana ganin akwai zarin da kaɗaici da mugun wuri ke haifarwa.

Akwai kuma taurarin da ake gane su ta ciyarwa. Sanji, kukun jirgin su Luffy a One Piece na Eiichiro Oda, mutum ne mai zafin kai da baƙar magana, amma ba ya iya ganin mayunwaci ya wuce, ko da maƙiyi ne. Wani ɗan fashin teku, Gin, ya zo gidan abincinsu ba ko kwabo, aka yi masa duka aka jefar waje, Sanji ya bi shi da farantin shinkafa. Sai daga baya aka nuna mana dalili: yana yaro jirgi ya nutse da su, shi da tsoho Zeff suka maƙale a kan wani dutse a tsakiyar teku kwana 85. Tsohon ya ba shi ƙaramin ƙunshi ya riƙe babban buhu. Da yunwa ta kai wa yaron iya wuya ya lallaɓa da wuƙa don ya ƙwace buhun, ya farke shi, sai ya ga dukiya ce zalla, ba ko ƙwayar abinci. Ashe dukan abincin aka ba shi. Shi kuwa Anpanman, abin ƙaunar ƙananan yaran Japan, kansa ma burodi ne mai wake a ciki, in ya ga mai yunwa sai ya ɓanta ya ba shi, ƙarfinsa ya ragu, sai mai gasa burodi ya yi masa sabon kai. Takashi Yanase, wanda ya fito da shi a littafin yara a 1973, ya yi soja a ƙasar Sin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗanɗani yunwa, ya kuma ga yadda abin da aka ce musu shi ne gaskiya ya juye da aka ci su da yaƙi. Abin da ya ga ba ya juyewa shi ne ba mayunwaci abinci.

Na bar wanda ya fi damuna a ƙarshe, Hotaru no Haka na Isao Takahata, wanda ya fito a 1988. Hotaru su ne ƙwarin nan masu walƙiya da dare, haka kuwa kabari. Labarin Seita ne, ɗan shekara goma sha huɗu, da ƙanwarsa Setsuko, 'yar shekara huɗu, a birnin Kobe cikin 1945. Jiragen Amurka sun ƙone garin, uwarsu ta rasu, ubansu hafsan sojan ruwa ne yana bakin dāga. Suka koma wurin wata gwaggonsu a Nishinomiya.

Ni a gidan yawa na tashi, kuma tun ina 'yar shekara goma sha biyu ake ba ni ludayi in raba miya. Wanda ya yi wannan aiki ya san cewa tukunya ɗaya tana da sama tana da ƙasa, kuma hannun mai rabo ya san wanda zai nutsa wa da wanda zai ɗebar wa ta sama, ko da bakinsa bai faɗa ba. Saboda haka da na ga gwaggon nan tana rabon kunun shinkafa ban bukaci fassara ba. In ta zo kan 'yarta da baƙon da ke haya a gidan, sai ludayi ya nutse har gindin tukunya ya taso da kauri. In ta zo kan marayun sai ya tsaya a sama, ruwa-ruwa da ɗan ganye. Hujjarta ita ce waɗancan suna yi wa ƙasa aiki, waɗannan kuwa suna zaune a gida. Alhali shinkafar ma da tufafin uwarsu aka musanyo ta, kuma kayan abincin da Seita ya tono daga inda suka binne a gidansu ita ya kawo wa. Farkon zuwansu da kaya fuskarta a sake take. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A ɗakinmu na kwanan ɗalibai mun yi musu a kan matar nan har kusan asuba. Yawancin 'yan ɗakin sun yanke mata hukuncin muguwa, suka tsaya nan. Ni ban wanke ta ba, harshenta ya yi kaifi, kuma ita ce ta gaya wa Setsuko mutuwar uwarta bayan Seita ya yi ta ɓoyewa. Amma Takahata ya nuna mana ita a madafa tana kankare ƙanzon tukunya tana ci, kuma ban san gidan da uwargida ke cin ƙanzo a tsaye don ƙoshi ba. Bazawara ce da baki huɗu a kanta a lokacin da hukuma ke auna wa kowa abinci. Ba ta kore su ba, ta dai rage musu, ta kuma yi gori.

Wanda na fi sa wa ido shi ne Seita, kuma shi ma abinci ne ya tona shi. Da gwaggo ta ce in ba su gamsu ba kowa ya dafa nasa, tana jiran ya ba da haƙuri ne. Shi kuwa sai ya je banki, inda uwarsu ta bar yen 7,000, ya ciro kuɗi ya sayo kurfoti da tukunya, ya hura wutarsa a cikin gidan mutane. Mutanen Japan in za su ce wane na jikina ne, sukan ce sun ci shinkafar tukunya ɗaya. Ranar da yaron nan ya raba tukunya, ranar ya yanke igiyar da ke riƙe da su. Daga nan sai ya kwashi ƙanwarsa suka koma wani kogon ɓuya a bakin tafki. Kwanakin farko kamar wasan 'yar tsana, suna dahuwa suna dariya, ba mai yi musu gori. Da shinkafa ta ƙare ya je wurin wani manomi, manomin ya ce ba shi da na sayarwa, ya kuma ba shi shawara ya koma ya roƙi gwaggonsa gafara, domin wanda ya fita daga ƙungiyar unguwa ba shi da rabo a abincin hukuma. Seita ya juya ya tafi. Ya gwammace ya yi sata a gonaki, ya shiga gidajen mutane sa'ad da suka gudu don jiragen yaƙi, da ya sunkuyar da kai a ƙofar mace guda. Ɗan hafsa ne, an saba masa da man shanu da alewa lokacin da wasu ke shan ruwan kunu, gori ya fi masa yunwa ciwo. Takahata da kansa ya sha faɗa cewa bai yi fim ɗin don wa'azin ƙin yaƙi ba, abin da ya dame shi shi ne yaran da suka ware kansu daga jama'a.

Wata a ɗakin ta ce mini ai yaro ne, shekara goma sha huɗu. Haka ne, shi ya sa abin yake da ciwo. Ba wanda zai ce ba ya son ƙanwarsa. Akwai wani gwangwanin alewa da yake lallashinta da shi. Da alewar ta ƙare ya zuba ruwa ya girgiza ya ba ta, ta sha tana murna wai duk ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito. Ya so ta iyakar so, amma son bai kai ya sa shi ya haɗiye girman kansa ba.

Ita kuwa Setsuko, ranar da ya dawo daga banki da sauran kuɗin, bayan ya ji labarin Japan ta miƙa wuya, ya tarar da ita kwance tana tsotsar ɗan dutsen gilashi na wasan yara, ta ɗauka alewa ce. A gefenta ga curi biyu na laka da ta dunƙula kamar onigiri. Ta tura masa ta ce ya ci, ta yi masa ne. Yarinyar da yunwa ta gusar wa hankali, abin da ya rage a cikinta shi ne ta ciyar da yayanta. Ya yanka kankana ya sa mata a baki, ya tafi hura wuta, ba ta sake farkawa ba. Tokarta a gwangwanin alewar nan ya zuba, shi ma ya mutu a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya ranar 21 ga Satumba, 1945.

Fim ɗin an ɗauko shi ne daga gajeren labarin da Akiyuki Nosaka ya wallafa a 1967. Shi ma wutar Kobe ta raba shi da gida yana ɗan shekara goma sha huɗu, shi ma yana da ƙanwa ƙarama da yunwa ta kashe a hannunsa cikin 1945. Ya rayu har 2015, kuma bai ɓoye ba cewa Seita ya fi shi kirki nesa ba kusa ba. Ya ce shi a lokacin in ya sami abinci, sau da yawa cikinsa yake fara sa wa kafin ya tuna da ita.